Sunan da Iya Ba Ta Faɗa Ba

Duk Hillat Mato babu wanda ya taɓa jin Iya ta kira sunan ɗanta na fari. Shekara hamsin da biyu ke nan da haihuwarsa, furfura ta fito masa a gemu, ya aurar da 'ya'ya biyu, amma a bakin uwarsa ba shi da suna. Idan yana kusa, "kai" ne. Idan yana nesa, "mai agashe" ne, ko "uban yaran nan". In kuma ranta a ɓace yake sai ta ce "wancan na Sinnar", kamar ba a gidansa take kwana ba. Ko wani Yahya daban ne ya yi sallama, ɗan maƙwabta ko mai gyaran famfo, sai ta ce masa "mai sunan wancan". Haka ta tarar uwarta na yi, haka ma kakarta da ta taso da ƙafa daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, tafiyar ta tsaya mata a nan ƙasar Larabawa, a bakin kogin da ya ratsa Sinnar. Abubuwa da yawa sun zube a hanya, harshen ma ya sha Larabci ya ƙoshi, amma kunyar ɗan fari ta iso lafiya lau.

Sharifa, 'yar Yahya ta uku, ta tashi tana ɗaukar abin abin dariya. Tun tana 'yar ƙarama take ɗana wa kakar tarko. "Iya, wa ya kawo naman nan?" Iya ta ce, "Wanda ya saba kawowa." "Wane ne shi?" Sai ludayi ya biyo baya. Yanzu ta girma, tana shekara ta biyu a kwalejin koyon aikin jarida a Sinnar, tana kwana a ɗakunan ɗalibai, ta dawo gida ran Alhamis. Tana son Iya ƙwarai, wannan babu ja. Rabin wayarta muryar tsohuwar ce: labarin hanyar Makka, waƙar daka, ƙissoshin annabawa da take ba jikoki da azumi. Sai dai Sharifa irin yaran nan ce masu kaifin kai, waɗanda in ba su gane dalilin abu ba sai su yanke cewa ba shi da dalili.

Malaminsu na darasin rediyo, Ustaz Kamal, ya raba ajin uku-uku, ya ce kowace ƙungiya ta kawo masa talla ta daƙiƙa arba'in, tallar abin da ake sayarwa da gaske. Ya ce ya yi magana da wani gidan rediyo a garin, za su sa wadda ta fi kyau. Sharifa ta faɗa ƙungiya ɗaya da Tahir da Rayan. Tahir ɗan Kamlin ne, Bahaushe a asali, yana jin Hausa sarai amma in ya buɗe baki Larabci ke fitowa, ga shi gwanin kwamfuta. Rayan kuwa daga Hasahisa take, ba ta jin ko "zo", amma kunnenta na gane murya mai daɗi.

Ba su sha wahalar zaɓen kaya ba. Agashen baban Sharifa, tsiren da yake gasawa a bakin tashar mota, ya riga ya ci rabin aljihun ɗaliban kwalejin. Wahalar a murya take. Tahir ya gwada, ya kumbura maƙogwaro yana kwaikwayon masu karanta labarai, da aka saurara sai ka rantse sanarwar rasuwa ce. Sharifa ta gwada, tata ta fito siririya kamar mai karanta darasi a gaban aji. Suna zaune a inuwar dalbejiya sun yi jugum, Rayan ta ce, "Tsohuwar nan da kike kunna mana a ɗaki fa? Ni ban san me take cewa ba, amma in ta fara ba na iya tashi."

Ran Juma'a da hantsi suka shiga mota zuwa Hillat Mato, suka bi gefen babbar hanyar ruwa, gonakin gyaɗa dama da hagu an gama cirewa. Iya ta karɓe su a rakuba, rumfar karan da ke tsakar gida, ta dafa musu jabana, gahawa mai citta, ta tambayi Tahir ɗan gidan wa ne a Kamlin, har sai da ta gano ta san kanwar kakarsa. Da aka gaya mata abin da ya kawo su ba ta yi gardama ba. Ai yajin agashen ma ita ke daka shi duk mako, da hannunta, ba ta yarda a kai inji. Ta gyara zama a kan angarib, gadonta na igiya, ta dubi wayar da Sharifa ta miƙo kamar mai duban baƙo, ta fara.

"Ku da ka wucewa bakin tasha da yunwa, ku tsaya ku ji. Nama na, ba igiya ba. Yajin ga da hannuna nika daka shi, ƙuli da citta da masoro, ba a zuba mai garin banza. In kun ci ba ku lashe yatsa ba, ku taho Hillat Mato ku iske ni."

Rayan ta dafe ƙirji. Tahir ya yi tsalle ya kusa kifar da jabanar, yana yaba mata da Larabci, yana kiranta kaka. "Tamam, habboba, tamam! Saura suna kawai. Ki ce: Agashen Yahya, bakin tashar Sinnar."

Iya ta dube shi sama da ƙasa. "Agashen bakin tashar Sinnar," in ji ta.

"Da sunan, habboba."

"Kowa ya san shi."

Tahir ya juyo wajen Sharifa yana buɗa hannuwa. Masu agashe huɗu ne a bakin tashar nan, talla babu suna ai yi wa maƙwabta aiki ne. Sharifa ta matso, ta kwantar da murya, ta yi 'yar shagwaɓar da ta saba cin nasara da ita. "Iya, sau ɗaya tak. Aiki ne na makaranta. Babu ma wanda zai ji sai malaminmu."

Iya ta sa bayan hannu ta ture wayar a hankali. Ba faɗa ta yi ba. "Ke ɗiyar ga," ta ce, "ranar da anka raɗa mai suna ina cikin ɗaki na toshe kunnena. Uwar mijina ta ɗauke shi ta raina, ban taɓa goya shi gaban mutane ba. Bakin ga bai taɓa ba, ba kuwa yau za shi fara ba don malaminku." Ta ƙara musu jabana, ta koma tambayar Rayan ko har yanzu masaƙar Hasahisa na aiki.

Da a nan maganar ta tsaya, da babu labari.

Ran Lahadi da azahar suna ɗakin haɗa sauti na kwalejin, fanka na juyawa da ƙyar, suka gwada sa muryar Tahir ta faɗi sunan a ƙarshe. Bai yi ba. Tsohuwa ta ja ka har bakin wuta, sai wani ƙato ya faɗo ya ɓata komai. Suka gwada ta Sharifa, ita ma haka. Kuma a faɗi gaskiya, ba Tahir ne ya kawo dabarar ba, ko da yake daga baya ya so ya ɗauki laifin. Sharifa ce. Ta tuna da azumin bara ta naɗi Iya tana ba yara ƙissar Annabi Zakariya, yadda ya roƙi Allah ɗa bayan ya tsufa. A cikin ƙissa Iya ba ta kauce wa sunan, domin sunan Annabi ne, ba na ɗanta ba. Sharifa ta lalubo wurin a waya, ta kunna. Ga shi nan, a fili, cikin murya mai taushi irin ta mai ba da labarin haihuwa: "Annabi Yahya, alaihissalam."

Tahir ya yanke na gaba, ya yanke na baya, ya ɗauko abin da ya rage ya dasa shi bayan "agashen". Ya shimfiɗa ƙarar kitse na ɗiga a garwashi a ƙarƙashi don ta rufe ɗinkin. Aikin bai ci minti goma ba. Da suka kunna, Iya ta ce, "Agashen Yahya, bakin tashar Sinnar," kamar kullum haka take faɗa.

Tsigar jikin Sharifa ta tashi. Ta ɗauka daɗi ne.

Rayan ce kaɗai ta tambaya. "Ba za ta ji haushi ba?"

"Ina za ta ji shi?" in ji Sharifa.

Ran Litinin Ustaz Kamal ya saurari tallace-tallace goma sha ɗaya, ya sa aka maimaita tasu sau uku. Ya ce wannan ita ce talla, sauran duk hayaniya ce. Ya ce tunda da Hausa take, gidan rediyon zai sa ta a shirin Hausa na ran Alhamis bayan la'asar. Aji ya ɗauki tafi. Sharifa na murmushin dole, don ta san shirin nan. Shi ne shiri ɗaya tilo da matan Hillat Mato ba sa bari ya wuce su.

Kwana uku take da su. Ofishin Ustaz Kamal taku ashirin ne daga ajinsu. Ran Talata ta je har bakin ƙofa, ta ji yana yabon tallar ga wani malami, ta juya. Ran Laraba ta ce wa kanta kalma ɗaya ce a cikin daƙiƙa arba'in, wa zai lura? Ta ce wataƙila batirin rediyon ya mutu. Ta ce ai zamani ya canja. Dalilai dai ba su ƙare mata ba, amma na gaskiyar ɗaya ne: ba a taɓa tafa mata a aji ba, kuma ta ji daɗin tafin.

Ran Alhamis ta iso gida ana kiran la'asar. Mata bakwai ne a rakuba suna ɓarar gyaɗar iri, rediyo a rataye jikin ginshiƙi, batirinsa sabo fil. Ta gaishe su ta zauna a gefe, ta ja ƙwarya gabanta. Aka yi gaishe-gaishe a shirin, aka yi maganar rabon ruwan gonaki, sai ƙarar kitse a garwashi ta taso.

Da muryar Iya ta fito, rakuba ta kaure da shewa. Sara, ƙawar Iya tun suna 'yan mata, ta buga cinya. "Ke, kin shiga akwatin Nasara!" Iya na ta dariya tana rufe baki da gefen mayafi. An zo wajen lasar yatsa, kowa na ƙyaƙyatawa. Sai kuma aka zo ƙarshe.

Hannuwa suka tsaya a cikin ƙore. Babu wadda ta dubi rediyon, duk Iya suke kallo.

Sara ce ta fara magana, da dariya, don ita a ganinta wasa ya samu. "La ilaha illallahu! Yau mun ga ƙarshen duniya. Shekara hamsin kina muna fankama, ashe rediyo kika jira!"

"Ban hwaɗi ba," in ji Iya.

"Da kunnenmu munka ji."

"Ni ban hwaɗi ba." Ta juyo ta dubi Sharifa. Ba kallon tuhuma ba ne, da shi ne ma da sauƙi. Kallon mai neman taimako ne. "Ke kina nan. Na hwaɗi?"

Nan ne wurin da Sharifa za ta buɗe baki. Idanu goma sha huɗu a kanta, ga matan da suka yi mata wankan jariri. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, ga shi dai kin ji."

Iya ta ture ƙwaryarta gefe. Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki. Wata daga cikin matan ta ce a hankali, amma ba can ƙasa yadda ba za a ji ba, "Tsufa ke nan. Haka na uwar Mato ya faro, tana yin abu tana mancewa."

Kafin magariba sai ga Yahya, shi da ba ya dawowa sai ya sayar da tsinken ƙarshe. Ya bar wa abokin aikinsa wutar, ya ƙunso nama mai yawa a takarda. Sharifa ba ta taɓa ganin fuskar babanta haka ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, hayaƙi ya rina masa ido, amma ran nan yana tafe kamar an rage masa shekara ashirin. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya ya gaishe ta, ta amsa daga ciki a taƙaice. Ya ajiye naman. Bai tashi ba, ya daɗe a wurin yana wasa da bakin tabarma. Daga baya ya samu Sharifa a bayan ɗakin girki, ya miƙo mata tsohuwar wayarsa yana kallon gefe.

"Sa man abin ga ciki," ya ce. "Ina juya nama nij ji. Wallahi sai da tsinke ya ƙone a hannuna." Ya yi 'yar dariya, ya share ido da hannun riga ya ce hayaƙi ne, alhali babu wuta kusa. "Ban san haka sunan yake ba a bakinta."

Ta sa masa. Me za ta yi?

Juma'a da Asabar Iya ba ta fito rakuba ba. Ba ta daka yaji ba, karo na farko tun da Sharifa ta yi wayo. Abin da ya fi tayar wa Sharifa hankali shi ne ta ji ta tana gwada kanta. Tana zaune bakin gado tana lissafa sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta koma kan garuruwan da kakarta ta ratsa, ta tsaya ta tambayi matar Yahya, "Yau Asabar ko? Na yi sallar walha? Kin gani da idonki?" Matar da ke tuna ranar da aka haƙa kowace rijiya a garin, yau ita ke tambaya ko ta karya kumallo. Yahya kuwa, duk sanda ya zaci babu mai ganinsa, sai ya kara wayar a kunne.

Ran Lahadi Ustaz Kamal ya ce kowace ƙungiya ta fito ta faɗi abin da ta koya daga aikin, me ya yi, me bai yi ba, me za su canja in an sake ba su dama. Haka yake yi bayan kowane aiki. Masu tallar sabulu suka ce sun koyi kada a naɗi murya kusa da janareta. Masu tallar shayi suka ce daƙiƙa arba'in gajeruwa ce. Da aka zo kansu Tahir ya miƙe da fara'arsa, ya fara bayanin yadda ake rufe ɗinki da ƙarar wuta.

"Wane ɗinki?" in ji Ustaz Kamal.

Tahir ya dubi Sharifa. Ita ta tashi. Ta faɗi komai da Larabci, ba ta rage ba: yadda Iya ta ture wayar, ƙissar azumi, mata bakwai a rakuba, tsohuwa na ƙirga jikoki don ta ga ko hankalinta na nan. Wasu a bayan aji suka fara dariya da aka zo wajen kunyar suna, don ba su taɓa jin irinta ba. Dariyar ta mutu da kanta.

"Ta ce muku a'a?" in ji malamin.

"Ta ce a'a."

"A fili?"

"A fili, Ustaz."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ma da nasa laifin, ya ji murya ta yi masa daɗi bai tambayi yadda aka same ta ba. Ya ce zai kira gidan rediyon kada a sake sawa. Bai rage musu maki ba, kuma Sharifa ta so a ce ya rage, ko ta ji an biya wani abu.

A waje Rayan ta ce, "Na tambaye ki, kika ba ni amsa, ni kuma na yi shiru don ina son mu ci. Da na sake tambaya." Tahir ya daɗe yana taka wani dutse da takalmi. Can ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi, wadda bai taɓa yi musu ba, "Babban wana, Osman. Inna tana ce mai 'yayanku'. Kullum. Ni ban taɓa lura ba sai yanzu." Ya ce zai bi ta ƙauye ya ba da haƙuri, ai shi ya riƙe almakashin. Sharifa ta ce a'a, ba shi Iya ta tambaya a gaban mutane ba.

Ba ta jira Alhamis ba. Ran Litinin da safe ta bar darasi ta shiga mota. Ta tarar da Iya ita kaɗai a ɗaki, ta rame a kwana huɗu. Sharifa ta durƙusa, ta ce, "Iya, ki saurari wani abu." Ta kunna naɗin ran Juma'a, wanda ba a taɓa ba. Muryar Tahir na cewa da sunan, habboba. Muryar Iya na cewa kowa ya san shi. Sannan ta kunna ƙissar azumi, ta tsayar daidai wurin. Ta bayyana yadda ake yankewa a dasa, da kalmomin da tsohuwa za ta gane, kamar yadda ake yanko ƙyalle daga wani zani a yi wa wani faci.

Iya ta sa aka maimaita mata na farkon. Ta saurara ido rufe. Da aka zo "kowa ya san shi" sai ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe hankalina na nan." Ta faɗa sau uku. Sai da ta gama da wannan tukuna ta buɗe ido ta dubi jikarta, kuma Sharifa ta gwammace duka da kallon nan.

"Kina zaune nit tambaye ki."

"Na'am, Iya."

"Kin sani, kik ƙyale ni."

"Na ji tsoro, Iya. Ki yafe mini." Hawaye ya kece mata. "Yanzu zan je gidan Iya Sara in kunna mata. Zan bi gida-gida, duk wadda ta zauna a rakuba ran nan sai ta ji. Zan ce ni na yi."

Ta yunƙura za ta tashi, Iya ta ce, "Zamna." Ta dubi ƙofa. "Shi ya sani?"

"A'a."

"Ina jin shi," in ji Iya. "Da asuba in ya fito alwala, bayan ɗakin ga yaka tsayawa ya kunna. Yana ce ban ji." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "In Sara ta ji da hantsi, kafin azahar an kai mai har bakin wuta."

"To Iya, a bar su suna cewa kin ruɗe?"

"Su ce. Ni dai na san ban ruɗe ba, na san kuma ban hwaɗi ba. Allah ma ya sani." Ta juyo ta dubi Sharifa. "Abu guda na da ban taɓa ba shi ba. Ke kin sata kin ba shi. To, ba ni zan je in amshe ba."

Sharifa ta kifa kai a gefen gadon tana kuka. Iya ba ta dafa ta ba, ba ta kuma kore ta ba. Da kukan ya lafa sai ta nuna wayar da haɓa. "Na yahe miki. Amma abin ga, daga yau in za ki shigo ɗakina, ki bar shi waje." Ta miƙe ta ce a ɗauko mata turmi, yaji ya ƙare wa mutane.

Da yamma Yahya ya dawo ya tarar da Sharifa a gida ranar da ba ranar zuwanta ba, bai ma tambayi dalili ba, don ya ji ƙarar taɓarya daga rakuba, ransa ya yi fari. Ya wanke hannu ya zauna a kan tabarma nesa kaɗan, ya yafito 'yarsa. Ya rage murya, amma tsakar gidan ba ta da faɗin da za ta ɓoye magana.

"Ina son in tambaye ki tun ran nan," ya ce. "Da kunka ɗauka, ta yi gardama?"

"Ta yi, Baba."

Ya gyaɗa kai yana murmushi, wannan ya san uwarsa. "To da ta zo hwaɗi, yaya fuskarta take? Ta ɓata rai?"

Ƙarar taɓarya ta tsaya. Sharifa ba ta waiwaya ba, amma ta san Iya na tsaye riƙe da ita. Ta tuna azumin bara, yara kewaye da tsohuwa, an zo wajen da aka yi wa Annabi Zakariya albishir.

"Ba ta ɓata rai ba," ta ce. "Murmushi take yi."

"Sau nawa ta hwaɗi?"

"Sau ɗaya."

Yahya ya dubi tafin hannunsa da wuta ta ƙona ta ƙara ƙonawa. "Ya ishe ni," ya ce.

A rakuba taɓarya ta ci gaba da sauka.